Konceton Saksafon na Glazunov: Gudu, Ki da Yanayin Kiɗan

Konceton Saksafon a kan ki na E-filat mejo (wato jerin sautukan da aka gina shi a kai, mai farawa daga sautin da ake kira E-filat) kiɗa ne da Alexander Glazunov, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Rasha, ya rubuta a shekarar 1934 a birnin Paris. Konceto kiɗa ne na gwani ɗaya da ƙungiya ke rakawa. An yi wannan ne don saksafon, wani abin busa na ƙarfe, nau'in alto guda ɗaya, sai ƙungiyar masu kayan tsirkiya dangin goge da ke mara masa baya, babu ganga babu kakaki. Tsawonsa wajen minti 14 ne, kuma a jere yake tafiya ba a tsayawa a huta kamar yadda aka saba a sauran konceto masu kashi uku. Duk wanda ya karanta saksafon na gargajiyar Turai a makarantar kiɗa da wuya ka ji bai taɓa busa shi ba.

Asalinsa

An haifi Glazunov a 1865 a Saint Petersburg, ya daɗe yana shugabantar babbar makarantar kiɗa ta garin, sannan ya bar Tarayyar Sobiyet a 1928 bai sake komawa ba. Lokacin da ya rubuta wannan kiɗa ya tsufa, ga rashin lafiya, ga zaman baƙunta. Wanda ya matsa masa lamba har ya rubuta shi ne Sigurd Raschèr, mai busa saksafon haifaffen Jamus, kuma shi ya fara busa shi a bainar jama'a ranar 25 ga Nuwamba 1934 a garin Nyköping na ƙasar Suwidin. Glazunov ya rasu a watan Maris na 1936, don haka yana cikin ayyukansa na ƙarshe. A zamanin saksafon bai samu gindin zama a manyan zaurukan kiɗa ba, tun da Adolphe Sax ɗan Beljiyam, wanda ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1846 an fi ganinsa a hannun badujala da 'yan jaz.

Ki

Ki shi ne gidan da kiɗa yake fita daga ciki ya je ya dawo. Zaɓen E-filat ba haka kawai aka yi shi ba. Shi alto ɗin kansa a kan E-filat aka ƙera shi, wato in mai busa ya ga C a takardarsa ya danna, abin da zai fito wa mai sauraro E-filat ne, to ka ga kenan shi mai busan a C mejo yake karantawa babu filat (alamar da ke sauke sauti ƙasa kaɗan) ko ɗaya a gabansa, su kuma masu goge suna fama da filat uku. Amma kiɗan ba ya zama wuri ɗaya. Kashin farko yana gangarawa ne zuwa G maina (ki iri biyu ne, mejo da maina), na tsakiya ya shige C-filat mejo mai filat har bakwai, wanda a kunne daidai yake da B mejo, sai a faɗa C maina kafin a dawo gida a rufe.

Gudu

Nan ne abin ya fi daɗin magana. Ana buɗewa da abin da Italiyanci ke kira Allegro moderato, wato da ɗan hanzari amma ba a guje ba, bugu huɗu-huɗu, masu goge ne ke farawa da murya ɗaya kafin saksafon ya shigo. Daga nan sai Andante, tafiyar mai tattaki, bugu uku-uku, a nan mai busa ke nuna ko yana da numfashi don jimlolin dogaye ne kuma ba a son a ji inda ya ja iska. Sai kadenza, inda kowa ke yin shiru a bar shi shi kaɗai ya ja ya saki yadda ya ga dama. Ƙarshe kuma awo na 12/8 ne, wato bugu huɗu kowanne an raba shi uku, mai tsalle-tsalle, muryoyin kayan kiɗan na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna bin juna da karin waƙa guda, gudu na ƙaruwa har a kai bango.

Shi ya sa manhajojin nan da ke lissafa bugu nawa kiɗa ke yi a minti su ba ka lamba ɗaya tal ba su da wani amfani a nan, gaskiya. Lambar wane kashi za su ba ka? Ko a cikin kashi ɗaya ma masu busa suna jan lokaci su sassauta su dawo, kuma ba kuskure ba ne, salon ne haka.

Yanayi

An saba cewa mejo na farin ciki ne maina na baƙin ciki, to wannan kiɗa bai yarda da hakan ba. A mejo yake amma farkonsa da tsakiyarsa kewa ce zalla, irin ta dattijon da ke tuna gida, sai can ƙarshe ya ɗan ware. A 1934 wasu sun riga sun yi nisa da sababbin salo masu kaushi a kunne, shi kuwa ya rubuta abinsa da daɗin karin ƙarni na 19 kamar ba abin da ya canza.

Faifai

Daga cikin sanannun ɗauka akwai na Eugene Rousseau ɗan Amurka tare da ƙungiyar Paul Kuentz a kamfanin Deutsche Grammophon, da na John Harle ɗan Ingila tare da Neville Marriner a EMI. Takarda ɗaya ce, ki ɗaya ne, bambancin ɗauka da ɗauka yana fitowa ne wajen yadda aka ja Andante da yawan rawar murya da mai busa ya sa. In an ja shi sosai sai ya koma kamar makoki, in an ɗan taka kuma sai ya zama waƙa kawai mai sanyi, kuma hakan kan sa wani faifan ya ɗara wani da minti ɗaya ko fiye.