Iya ƙwallo kaɗai ba ya kai yaro filin jami'ar Amurka

An daɗe ana ɗauka cewa idan yaro ya iya ƙwallon kwando ko gudu, koci ne zai share masa hanya. Ba haka ba ne. Kafin sabon ɗalibi ya buga wasa a rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, sai cibiyar tantancewarta ta bi takardunsa na sakandare dalla-dalla.

Darussa 16 ake ƙirgawa: shekara 4 na Ingilishi, 3 na lissafi, 2 na kimiyya, 2 na ilimin zamantakewa, sauran kuma ƙari ne. A waɗannan kaɗai ake lissafa matsakaicin maki, kuma sai ya kai 2.3 cikin 4. Nan iyaye da yawa ke yin tuntuɓe, domin makin darasin motsa jiki, komai kyansa, ba ya shiga lissafin. Wanda makinsa ya tsaya tsakanin 2.0 da 2.299 zai iya samun tallafin karatu ya yi atisaye, amma shekarar farko a benci zai ƙare ta. Abin da zafi.

Tun 2023 NCAA ta daina neman sakamakon SAT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka, ko da yake wasu jami'o'in suna nema. Ɗan Najeriya kuwa ya adana sakamakonsa tun daga JSS3, don shi ne daidai da aji na tara a Amurka, inda ake fara dubawa.