Mene ne "bayanan mutum" a takardar yarjejeniyar kasuwanci?

A takardun yarjejeniyar da kamfanonin tura kuɗi, bankuna da kamfanonin waya ke miƙa wa wakilansu a Maradi, akwai wani sashe da yawanci ake tsallakewa, don ido na can wajen kason da za a samu. Sashen yana magana ne a kan bayanan mutum, kuma ranar da abu ya ɓaci shi za a fara buɗewa.

Bayanan mutum su ne duk abin da za a iya gane wani takamaiman mutum da shi: sunansa, lambar wayarsa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, hotonsa, zanen yatsunsa. Har abin da shi kaɗai bai nuna kowa ba, in an haɗa shi da wani ya fito da mai shi, ya shiga lissafi. A ce wata mata ta karɓi jaka hamsin, ba a tona kowa ba. A ƙara da cewa a unguwar Bagalam take, mijinta na Libiya, kuma duk ƙarshen wata take zuwa, to an gama nuna ta da yatsa. Wasu bayanan sun fi nauyi a idon doka, kamar na lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa. Shi ya sa mai farmasi da mai asibitin kuɗi suka fi kowa ɗaukar kaya a nan.

Nijar ta kafa dokar kare waɗannan bayanai a watan Mayun 2017, ta sabunta ta a Disambar 2022, kuma hukumar kare bayanan mutum (HAPDP) da ke Yamai ce ke sa ido. Dokar ta ba mai bayani ikon sanin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara in akwai kuskure. Ta kuma hana a karɓi bayani don wani dalili a juya shi zuwa wani daban.

Inda abin ke da sarƙaƙiya shi ne, harkar kuɗi ba a yin ta babu tambaya. Ƙa'idojin babban banki BCEAO sun wajabta a tantance mai hulɗa, saboda haka dole wakili ya nemi kati. Karɓar ba laifi ba ce, ajiyar ce ke da magana. Ku leƙa wasu shagunan da ke kewayen babbar kasuwa: ga littafin rajista a buɗe kan tebur, mai jiran canji na karanta sunaye da lambobin waɗanda suka riga shi. Ga yaron shago ya ɗauki hoton katin wani dattijo da wayarsa ta kansa, ya tura ta WhatsApp, hoton kuma ya zauna a wayar har ranar da za a sayar da ita. Littafin in ya cika, ba mamaki ka tarar da shafinsa an naɗe ƙosai da shi. Wannan abu yana damuna, domin da irin waɗannan lambobin ne ƴan damfara ke kiran mutum da cikakken sunansa har ya saki jiki.

To, Alhaji mai shirin zama wakili, kafin ka sa hannu, ka sa lauya ya karanta maka sashen nan da Hausa, tunda da Faransanci ake rubuta shi. Abu na farko da za ka sani: wane ne mai alhakin bayanan, kamfanin ko kai? Doka ta bambanta wanda ke yanke shawarar abin da za a yi da bayanai da wanda ke aiki bisa umarninsa kawai, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sai ka ji tsawon lokacin da za ka ajiye rajista, da wanda zai biya diyya in bayanai suka fita ta hannun yaronka, da abin da za a yi da littattafan in yarjejeniya ta ƙare.

Masu hulɗa da Jibiya, Katsina da Kano su ƙara lura. Tura jerin sunayen abokan ciniki zuwa tsallaken iyaka fitar da bayanai ne zuwa wata ƙasa, kuma dokar Nijar ta gindaya masa sharuɗɗa. Najeriya ma tana da tata dokar tun 2023. In yarjejeniyar ba ta faɗi dokar ƙasar da za a bi da kotun da za a je ba, a nemi a rubuta shi kafin a sa hannu.