Filash kat ba emuleta ba ce, ba kuma kaset ɗin "wasa 500 a ɗaya" ba ne

Tun da tsofaffin na'urorin gem suka sake yin farin jini, kalmar filash kat ta zama ruwan dare a bakin masu bidiyo da 'yan talla. Abin haushin shi ne, duk kaset ɗin da ya ɗauki wasa fiye da ɗaya yanzu sunansa filash kat, wasu ma har cewa suke yi emuleta ce aka cusa a kaset.

Emuleta manhaja ce mai kwaikwayon na'ura gaba ɗaya a waya ko kwamfuta. Filash kat kuwa kaset ne mai wurin sa memori, wanda ake sakawa a ramin Super Nintendo, Mega Drive, Game Boy ko Nintendo 64 na ainihi. Ka kunna, jerin fayiloli ya fito, ka zaɓi ROM, wato kwafin abin da ke cikin kaset na asali, shi kuma ya miƙa wa na'urar. Furosesan na'urar ne ke tafiyar da wasan, ita ba ta ma san an yi mata musanye ba. Waɗanda suka yi suna su ne EverDrive daga Yukiren, da EZ-Flash, da FXPak Pro wanda a da ake kira SD2SNES.

Sai dai masu bugun ƙirjin cewa babu kwaikwayo ko kaɗan su ma sun zarce. Kaset na asali ba rumbun ajiya kawai ba ne, wasu na da aisi na musamman, wato ƙaramin guntun lantarki, da ke taya na'urar aiki. Star Fox na 1993 da Super FX yake tafiya, Super Mario Kart da DSP-1, Mega Man X2 da Cx4. A NES, na'urar Nintendo da ta gabaci Super Nintendo, ma haka, akwai irin su MMC1 da MMC3 masu jujjuya sassan wasan da ya fi ƙarfin abin da na'urar ke iya gani lokaci guda. Fayil ɗin ROM ba ya zuwa da waɗannan, dole filash kat ya tsaya a madadinsu, kuma da FPGA yake yin haka, wani aisi da ake sake wa tsari ya rikiɗe ya zama wani. To wannan in ba kwaikwayo ba mene ne? A ganina ba abin kunya ba ne, nan ne ma kuɗinka ke tafiya. Sa Star Fox a kaset ɗin da ba ya iya Super FX, wasan ba zai tashi ba, ko sau nawa ka sake sauke fayil ɗin.

Wani wurin da ake yin kuka shi ne ajiyar ci gaban wasa. Filash kat na farko-farko suna rubuta wasan ne a aisin filash, wato aisin ajiya da ba ya mantuwa, shi ya sa ake zaman jira kafin ya buɗe. Yawancin na yanzu a RAM suke lodawa, da sauri, amma RAM na mantuwa da zarar wuta ta ɗauke. A EverDrive 64 X5 na Nintendo 64, sai ka danna Reset ka koma jerin wasanni kafin abin da ka ajiye ya shiga memori. Ka kashe kai tsaye, aikin awa biyar ya bi ruwa. X7 na da batir, ba ya buƙatar wannan.

Shi kuwa kaset mai arha na wasa 500, an rufe shi da abin da ke ciki, ba ƙari ba ragi, sau da yawa rabin jerin maimaici ne. Babbar illarsa wuta ce: yawancin tsofaffin na'urori da bolt 5 suke aiki, aisin filash na zamani da bolt 3.3. Kaset mai kyau yana da aisin da ke daidaita tsakani. Da yawa daga masu arhar babu, sai a bar ɓangarorin biyu suna wahalar da juna a hankali.

In filash kat ɗinka ya ƙi tashi, kada ka yi saurin zargin kaset. Fara da memori: a yi masa fomat na FAT32, domin wanda ya haura 32GB galibi da exFAT yake zuwa, tsofaffin kaset kuma ba sa karanta shi. Duba ko foldar manhajar kaset ɗin tana saman memorin, ba a cikin wata folda ba, kuma ta samfurinka ce. Sannan ka goge haƙoran kaset da auduga da sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Hura masa iska da baki danshi kawai yake ƙarawa. Idan wasa na tsayawa a tsakiya, gwada wata adafta mai bolt ɗin da na'urar ke buƙata, don filash kat ya fi kaset na asali jan wuta, adaftar da ta shekara 30 kuma ba lallai ta iya ɗauka ba.