Jiƙon bedi da ƙwayar asibiti: abin da ke tsakaninsu

Duk damina, idan zazzaɓin cizon sauro ya tashi a Katsina, magana ɗaya nake ji a ɗakin shan magani: "Malam, ai mun ba shi jiƙon bedi kwana uku." Iyaye mata, ba na musu cewa itatuwanmu na da magani. Ita kanta ƙwayar ACT, maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba ku, daga ganye ta fito. A 1972 wata masaniya a China, Tu Youyou, ta ware sinadarin atimisinin daga wani ganye dangin tazargade, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Da farko tafasa ganyen ake yi, zafi yana lalata sinadarin. Sai da ta koma tatsarsa da ƙarancin zafi sannan ya yi aiki sosai. Kwinin ma daga sassaƙen itacen sinkona aka ware shi a Faransa a 1820.

Ga yadda ake fitar da magani daga itace. A shanya ganye ko saiwa a inuwa, a daka, a jiƙa cikin sinadari irin itanol, a tace, a ƙafar da ruwan. Abin da ya rage cakuɗe ne na sinadarai masu yawa, wani magani, wani guba. Sai a raba su ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowanne a kan ƙwayoyin cuta cikin faranti, sannan a kan ɓeraye, a duba hanta da ƙoda, kafin a kai ga mutum. Shekaru ake ɗauka. A nan gida ma an yi: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan, maganin amosanin jini, daga masoro, kanumfari, dawa da wani itace.

Abin da ke damuna shi ne awo. Sabarar da aka tsinko a Daura da rani ba lallai ƙarfinta ya zo ɗaya da ta damina ba, kuma kofin da babba ya sha lafiya yana iya wahalar da ƙodar jariri.

Idan yaro ya yi zafi, a kawo shi a yi gwajin jini a ranar. In an riga an ba shi jiƙo, ku faɗa mana sunan itacen da yawan da ya sha, ba faɗa za mu yi ba. Maganin gargajiya na kwalba kuwa, a duba lambar NAFDAC kafin a saya.