Waiwaye: Yadda Sunan Prosecco Ya Sauko Daga Tudu Zuwa Fili

Arewa da birnin Benis a Italiya, tsakanin garuruwan Conegliano da Valdobbiadene, akwai jerin tuddai masu tsananin gangare inda ake noman inabin da ake yin Prosecco da shi, wato giyar inabi mai kumfa. A wurare da dama tarakta ba ta iya hawa. Tun ƙarni na 17 manoma ke yanka gangaren hawa-hawa, su bar ciyawa ta riƙe ƙasar maimakon gina katangar dutse. Ana ce wa waɗannan matakala ciglioni. Hekta ɗaya a can kan ci awa 600 zuwa 800 na aikin hannu a shekara, alhali a fili kusan awa 150 ta isa. Daga wannan tazarar taƙaddamar da ke tsakanin manoman tudu da na fili kan sunan Prosecco ta samo asali.

A da, kumfar kusan da kanta take zuwa. Sanyin hunturu kan tsayar da yis kafin ya cinye sukari, sai a ɗura a kwalba, idan ɗumi ya dawo yis ya farka ya ci gaba da aiki, iskar ta rasa mafita. Abin da ake samu giya ce mai ɗan gurɓi, da laka a gindin kwalba, shi ne col fondo. Matsalarta rashin tabbas: sukari ya yi yawa kwalba ta fashe, ya yi kaɗan kumfa ta ƙi fitowa.

A 1876 aka buɗe makarantar koyon harhaɗa giyar inabi a Conegliano, irinta ta farko a Italiya, da ƙoƙarin Antonio Carpenè da Giovanni Battista Cerletti. Sai a 1895 Federico Martinotti ya yi rajistar dabarar tsima giyar karo na biyu cikin rufaffen tanki, wadda Bafaranshe Eugène Charmat ya kyautata daga baya. Ita ake bi har yau. Ana matse inabi a hankali, kilo 100 kada ya ba da fiye da lita 70. Bayan tsimawar farko a zuba a tankin ƙarfe mai jure matsi, a ƙara yis da sukari, a riƙe sanyin wajen digiri 15 zuwa 18, kuma aikin ba ya kasa kwana 30. Idan tankin ya ɗumama, ƙanshin tuffa da fure ya gudu, kumfar ta fito manya-manya ta mutu da wuri. Daga nan a sanyaya sosai don yis ya tsaya, a tace, a ɗura ba tare da an saki matsin ba. Lakabin kwalbar ma yana ruɗar mai saye: Brut bai wuce giram 12 na sukari a lita ba, Extra Dry 12 zuwa 17, Dry kuwa, wanda sunansa ke nuna rashin zaƙi, shi ya fi zaƙi, 17 zuwa 32.

Yankin tuddan ya samu matsayin DOC, wato shaidar doka da ke kare sunan giyar wani yanki, a 1969, amma da ɓaraka: Prosecco sunan inabin ne, kuma doka ba ta hana wani shuka inabi a ƙasarsa ya kira shi da sunansa. Italiya ta riga ta ɗanɗana, domin ta rasa sunan wata giyarta, Tocai, a hannun Hungary. Don haka a 2009, zamanin da Luca Zaia ke ministan noma, aka mayar da sunan inabin Glera, aka jingina Prosecco ga wani ƙauye mai wannan suna kusa da birnin Trieste. Don ƙauyen ya shigo, aka shimfiɗa yankin DOC har larduna tara, har da filaye. Tuddan aka ɗaga su zuwa DOCG, matsayin da ya fi DOC daraja da tsauraran sharuɗɗa.

Dabarar ta ci, sai dai mutanen fili suka fi cin riba. Su an yarje musu girbin inabi tan 18 a hekta, na tudu 13.5, Cartizze kuma, wani yanki a tuddan mai kimanin hekta 107, tan 12 kawai. Fili na fitar da kwalba sama da miliyan 600 a shekara, tudu bai wuce kusan miliyan 100 ba, mai saye a Landan kuwa suna ɗaya yake gani. Shi ya sa na tudu suke rubuta Superiore, suka kuma ware gangare 43 da ake kira Rive, inda dole a tsinke inabi da hannu, a rubuta shekarar girbi.

Kuɗi ya sa an faɗaɗa gonaki, mazauna suka fara kuka kan feshi. Bayan ambaliyar Refrontolo, wani gari a tuddan, ta Agustan 2014, wadda ta kashe mutum huɗu, an yi ta musu kan ko sare daji don shuka inabi na da hannu. A 2019 aka hana amfani da maganin ciyawa glyphosate a yankin tuddan, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, kuma tsohuwar giyar mai laka ta samu gurbi a dokar DOCG da sunan Sui Lieviti.