Waiwaye: Shaidar Wanda Aka Taɓa Kamawa da Ƙarya

Tun zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, alƙalai ke fuskantar tambayar ko mutumin da maganarsa ta taɓa faɗuwa a gaban shari'a zai iya sake tsayawa shaida a saurare shi. A lokacin ne mutum huɗu suka zo da tuhumar zina a kan Mugira ɗan Shu'uba, gwamnan Basra, sai na huɗunsu, Ziyad, bai bayyana abin da ya gani ƙarara yadda shari'a ta shardanta ba. Umar ya tsayar da haddin ƙazafi a kan sauran ukun, sannan ya ce wanda ya tuba zai karɓi shaidarsa. Biyu suka janye, na ukunsu Abu Bakrata kuwa ya ƙi, domin a wurinsa bai faɗi abin da bai gani ba. Malaman hadisi ba su daina karɓar ruwayarsa ba, har ma ta hanyarsa Buhari da Muslim suka ruwaito hadisin da ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai. Wato tun a wancan ƙarni an bambanta wanda shaidarsa ta gaza cika sharaɗi da wanda ƙarya ta zama ɗabi'arsa.

Tushen hukuncin yana cikin Suratun Nur, aya ta 4 da ta 5, inda aka ce a yi wa mai ƙazafi bulala 80, kada a karɓi shaidarsa har abada, sannan aka togace waɗanda suka tuba suka gyara. Imam Abu Hanifa ya tafi a kan cewa tuba tana ɗauke masa sunan fasiƙanci ne kawai, amma ƙofar shaida ta rufe. Malik da Shafi'i da Ahmad suka ce togaciyar ta haɗa har da shaidar. A wasiƙar Umar zuwa ga Abu Musa Al'ash'ari kuma, an ɗauki Musulmi adalai ne a kan junansu, ban da wanda aka yi wa haddi, da wanda aka taɓa kamawa da shaidar zur, da wanda ake zargin yana da alaƙar da za ta karkatar da shi.

Mai shaidar zur shi ne ya fi ba malaman Malikiyya wahala. Muhtasar na Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya ce a ladabtar da shi a bainar jama'a tare da shela, ba tare da an aske masa kai ko gemu ba, amma da aka zo kan karɓar shaidarsa daga baya sai ya nuna akwai kai-kawo tsakanin malamai. Dalilin kai-kawon yana da ƙarfi. Mutumin da ya riga ya bayyana da kamala a ranar da ya yi ƙaryar farko, da me za a gane tubarsa, tunda kamalar da zai nuna yanzu ita ce wadda ya yaudari kotu da ita a da? Wannan ya sa tazkiyyar shaidu, wato tabbatar da adalcinsu, da izari, wato ba wanda ake ƙara damar sukar shaidun da aka kawo a kansa, suke da muhimmanci a kotunan shari'a.

Ingila ma ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. A 1678 wani mai suna Titus Oates, wanda tun kafin nan an taɓa tuhumarsa da rantsuwa a kan ƙarya, ya ƙirƙiro labarin cewa 'yan Katolika na shirin kashe Sarki Charles na Biyu, aka kashe mutane da dama bisa shaidarsa, kuma sai a 1685 aka same shi da laifin shaidar zur aka yi masa bulala a titunan Landan. Dokar ƙasar ta daɗe tana hana irin waɗannan masu laifi tsayawa shaida kwata-kwata, kafin wata doka ta 1843 ta ɗage hanin. Daga nan nauyin ya koma kan masu sauraro: a bar mutum ya yi magana, a tone tarihinsa a gabansu, su auna.

A kan wannan tsari aka saurari Michael Cohen, tsohon lauyan Donald Trump, a matsayin shaida a shari'ar da aka yi wa Trump ɗin a birnin New York a watan Mayun 2024. Cohen ya amsa laifin yi wa majalisar dokokin Amurka ƙarya a 2018, ya kuma yi zaman kurkuku, don haka lauyoyin Trump suka gina kariyarsu a kan cewa maƙaryaci ne mai neman ramuwa. Alƙali Juan Merchan ya gaya wa mutum 12 da ke yanke hukunci cewa ba za su kama wanda ake tuhuma da laifi bisa maganar Cohen kaɗai ba, sai da wata hujja da ta ƙarfafe ta. Masu gabatar da ƙara suka jera cakin banki da takardun kamfani da wasu shaidu game da dala 130,000 da aka biya Stormy Daniels, 'yar fim ɗin batsa, don ta yi shiru kan alaƙar da ta ce ta yi da Trump, aka sami Trump da laifi a tuhuma 34. A ganina halin Cohen bai taka rawar da mutane ke zato ba, domin takardun ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, kuma wannan bai yi nisa da umarnin Suratul Hujurat, aya ta 6, na yin bincike idan fasiƙi ya zo da labari ba.

Inda babu irin waɗannan takardu, lamarin kan sha bamban. A shari'ar kisan Kudirat Abiola, matar ɗan siyasa M.K.O. Abiola, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yunin 1996, gwamnati ta dogara ne da Sajan Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Rogers, da Muhammad Abdul Katako, waɗanda suka ba da shaida a kan Manjo Hamza Al-Mustapha, tsohon babban dogarin Janar Sani Abacha, daga baya kuma suka warware abin da suka faɗa a cikin shari'ar guda. Wannan ya fi tsohuwar ƙarya muni, domin dole ɗaya daga cikin maganganun biyu da aka yi bisa rantsuwa ta zama ƙarya, kuma alƙali ba shi da ma'aunin gane wacce ce. Babbar Kotun Legas ta yanke hukuncin kisa a Janairun 2012, amma a Yulin 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce shaidun da suka saɓa wa kansu haka ba abin dogaro ba ne, ta sallami Al-Mustapha da Lateef Shofolahan, wanda aka yanke wa hukuncin tare da shi, bayan Manjon ya shafe fiye da shekara 14 a tsare.