Yashi mai rai a tankin murjani: tambayoyin da aka fi yi mini

Baƙon da ya shigo falo ya tsaya gaban tankin ruwan gishiri, kifaye ne ke fara ɗauke masa ido, sannan murjani, wato halittar teku mai rai da ke tsirowa a jikin dutse. Wanda ya ƙudura kafa nasa kuwa, ba a daɗe ba sai tambayoyinsa su koma kan farin yashin da ke shimfiɗe a ƙasa, domin a nan ne mai kanti ke fara ce masa ya ƙara kuɗi ya sayi "mai rai". Ga tambayoyin yadda suke zuwa, da amsar da nakan bayar.

Malam, wai yashi ma yana da rai?

Ƙwayar yashin kanta ba ta da rai, abin da ke zaune a jikinta ne mai rai. A jikin kowace ƙwaya akwai bakteriya da ido ba ya gani. Idan daga teku aka ɗebo shi ko daga tsohon tanki, a tsakankanin ƙwayoyin za ka tarar da tsutsotsi sirara, da ƙananan 'yan uwan jatan lande masu girman kan allura, da 'yan mitsi-mitsin katantanwa, da taurarin teku masu siraran hannuwa. Ka haska tocila a gefen gilashi bayan sallar isha'i, lokacin da fitilun tankin suka mutu, za ka ga suna ta kai da kawo.

Asalin yashin aragonait ne, wato nau'in kalsiyam kabonet, sinadarin da murjani ke gina ƙashinsa da shi, dangin abin da ke cikin ɓawon ƙwai. Wani daga farfasassun murjani da ɓawon katantanwa yake, wani daga wata ciyawar teku mai tauri da ake kira Halimeda. Wani kaso kuma, kada ka ji ƙyama, kashin kifi ne: akwai kifi mai baki irin na aku da ke gatsar dutsen murjani don ya ci gansakukar jikinsa, ya niƙe dutsen a maƙogwaro, ya kasayar da shi farin rairayi.

Wane aiki yake yi a tankin?

Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma idan ta ruɓe amoniya take zama, kuma amoniya guba ce ko da kaɗan ce. Wasu bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da ita naitarait. Wasu, irin su Nitrospira, su mayar da naitarait ɗin naitaret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Waɗannan bakteriya ba sa son yawo cikin ruwa, wurin maƙalewa suke nema, yashi kuma yana ba su fili mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Ban da haka gida ne ga masu haƙa rami, rumbu ne na abincin ƙananan kifaye, kuma farinsa na mayar da haske sama zuwa ƙarƙashin murjani.

Za ka ji ana cewa yashin yana narkewa ya riƙe ma'aunin tsami da kalsiyam na ruwa. Kada ka dogara da wannan. A ruwan tanki mai lafiya, inda ma'aunin tsami, wato pH, ke tsakanin 8.1 da 8.3, aragonait ba ya narkewa yadda zai ciyar da murjani. Kalsiyam ɗinka daga canjin ruwa da ƙarin sinadarai zai fito.

Wanda ake sayarwa a leda da ruwa a ciki, shi ne na gaske?

Na gaske ne, amma rabin labarin. Kamfanoni irin su CaribSea na jihar Florida a Amurka suna ƙunshe aragonait da ɗan ruwan gishiri da bakteriya. Tsutsa ko ɗan jatan lande ba zai rayu watanni cikin rufaffiyar leda ba, don haka bakteriya kaɗai ka saya. Su ma sai ka tambayi kanka wace hanya ledar ta biyo kafin ta iso hannunka. Ledar da ta yi makonni cikin kwantena, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta kwana a bayan mota cikin zafin bazara, ba lallai ta iso da ƙarfin da ta baro masana'anta da shi ba. Duba ranar ƙarewar da ke jiki, ka tabbata da danshi a ciki, in ka buɗe ka sansana. Ƙamshin bakin teku ba laifi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, mayar da ita.

Ra'ayina ga mai lissafin aljihu: sayi busasshen aragonait, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba, ka roƙi kofi ɗaya ko biyu daga saman yashin tankin wani da ya shekara yana tafiya lafiya, ka barbaɗa a kai. Cikin 'yan watanni duk shimfiɗar za ta rayu, har da ƙananan halittun da leda ba ta bayarwa. Sharaɗin shi ne ka san tankin da aka ɗebo maka, domin cutar farin ɗigo ta kifi da sauran kwari masu ɓarna suna iya biyo kofin nan.

Me zai hana in ɗebo yashin gini ko na rafi in wanke?

Yashin da tifa ke saukewa a wurin gini galibi na ma'adinin kwaz ne haɗe da laka da ɓurɓushin ƙarfe da duk abin da ruwan sama ya kwaso. Murjani da katantanwa ba sa jure ƙarfe irin tagulla ko da ɗan kaɗan ne. Ga gwaji mai sauƙi ga duk yashin da kake shakka: zuba cokali ɗaya a kofin gilashi, ka tsiyaya masa ruwan khal. Aragonait zai yi ta kumfa yana tsitsit, kwaz zai kwanta shiru.

Mutanenmu da ke zaune a Fot Sudan ko Jidda suna bakin Bahar Maliya, inda murjani ke tsirowa a zahiri, kuma sukan ce ga abu a ƙofar gida. Yashin gaɓar gari yana kwasar mai da dattin magudanai. Wuraren da ke da tsabta kuma sau da yawa doka ta kare su, kamar Sanganeb da ke gaban Fot Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Ba wurin cika bokiti ba ne.

Mai laushi zan saya ko mai kauri?

Wannan ta fi tambayar "mai rai ko busasshe" muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa.

Rairayi mai laushi kamar sukari, wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita 1 ba, shi ya fi kyau a ido, kuma masu haƙa suna sonsa. Matsalarsa ba ya zama wuri ɗaya. Na taɓa shimfiɗa irinsa a tanki mai injin tura ruwa guda biyu. Da gari ya waye gilashin ƙasa ya fito tsirara a gaba, yashin ya taru tudu a kusurwar baya kamar wanda iskar hunturu ta tara a gindin katanga, kuma wani murjani mai nama da na ajiye a ƙasa ya binne har rabi. Kwana uku ina hure masa yashi da sirinji kafin ya sake buɗewa.

Mai kauri, farfasasshen murjani mai milimita 3 zuwa sama, ba ya tashi, sai dai datti na faɗawa tsakanin ƙwayoyinsa ya maƙale, ya ruɓe a can. Ga yawancin tankuna matsakaici ne daidai, tsakanin milimita 1 da 2. Idan murjani masu rassa kake so, waɗanda ke buƙatar ruwa mai ƙarfi, karkata zuwa ɓangaren kauri. Baƙin yashi yana burge mutane, amma wani yana ɗauke da ƙwayoyin da maganaɗisu ke ja. Su maƙale a maganaɗisun goge gilashi, ka ja shi sau ɗaya, ka yi wa gilashinka zanen da ba ya gogewa.

Zurfinsa fa?

A nan masu sana'ar suka rabu, kuma sun daɗe da rabuwa.

Shimfiɗa mara zurfi, santimita 2 zuwa 5, iskar oksijin na ratsa ta kusan har ƙasa. Tana da sauƙin tsabtacewa, kuma ita nake ba sabon shiga shawara.

Mai zurfi, santimita 10 zuwa 15 na rairayi mai laushi, dabara ce ta daban. A can ƙasa oksijin ya yi ƙaranci, sai wasu bakteriya su koma shaƙar naitaret, su mayar da shi iskar naitarojin da ke fita ta bar tankin. Wani lokaci za ka ga ƙananan kumfa a maƙale cikin yashin ta gefen gilashi. Wani masanin teku Bafaranshe, Jean Jaubert, ya gina tsari a kan wannan tunani a ƙarshen shekarun 1980, aka yi amfani da shi a gidan adana halittun teku na Monako: ya ɗaga yashin a kan raga, ya bar ɗan sarari na ruwa tsayayye a ƙarƙashinsa. Daga baya masu kiwo a Amurka da dama suka bar ragar, suka zuba yashin kai tsaye a kan gilashi, suka dogara da tsutsotsi su riƙa juya shi a hankali.

Tsarin yana aiki, amma yana da sharaɗi: ba a tona shi. Inda oksijin da naitaret suka ƙare gaba ɗaya, wasu bakteriyar suna samar da iskar haidrojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yashin wurin yakan yi baƙi. Muddin tana binne ba ta cutar da kowa. Ka sa hannu ka birkita ta a lokaci ɗaya, kana iya rasa kifayenka kafin magariba. Akwai kuma waɗanda suka gaji da gardamar suka bar ƙasan tanki babu yashi sam, dutse mai rai, wato wanda bakteriya ke zaune a jikinsa, da na'urar cire datti ta hanyar kumfa suna yin aikin. Murjaninsu na girma lafiya. Ni dai tankin yakan yi mini kama da ɗakin da ba a shimfiɗa tabarma ba.

Kilo nawa zan saya?

Ninka tsawo da faɗi da zurfin da kake so, duk a santimita, ka raba da 1,000, ka sami lita. Kowace lita ta yashi tana kusan kilo ɗaya da rabi. Tanki mai tsawon 90 da faɗin 45, zurfin yashi 4, ya ba ka lita 16 da ɗoriya, wato wajen kilo 24. Dutse zai cinye wani fili, don haka kilo 20 zai wadatar.

A wanke shi kafin a zuba?

Na leda mai rai ba a wanke shi da ruwan famfo, in ka yi haka ka kashe abin da ka biya kuɗi a kai. Busasshe kuwa sai an wanke, a bokiti, kaɗan-kaɗan, ana juyawa ana tsiyayewa kamar wankin shinkafa, har ruwan ya daina fitowa kamar koko. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwan da kake haɗa gishiri da shi.

Jera duwatsu tukuna, gindinsu a kan gilashi, sannan ka zuba yashi kewaye da su. Dutsen da aka ɗora a kan yashi, ranar da ɗan jatan lande ya haƙa rami a ƙarƙashinsa zai tuntsuro. Wajen cika ruwa, kife faranti a kan yashin ka riƙa zubawa a kansa. Duk da haka ruwan zai yi fari kwana ɗaya zuwa uku, zai washe da kansa.

An rubuta a ledar cewa ana iya sa kifi nan take.

Ni ba na sawa. Haɗa ruwan ya kai 1.025 a na'urar auna gishirin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 26, ka sa ɗan abincin kifi ya ruɓe ko ka ɗiga amoniya, ka riƙa gwadawa. Ranar da amoniya da naitarait suka koma sifili kuma naitaret ya bayyana, tankin ya shirya wa kifi ɗaya ko biyu. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida.

Mako uku da kafawa, farin yashina ya koma ruwan ƙasa. Ya lalace?

Bai lalace ba. Wata ƙaramar gansakuka ce mai cin sinadarin silika, kusan kowane sabon tanki sai ta ziyarce shi, kuma takan tafi idan abincinta ya ƙare. Idan ta ƙi tafiya, duba ruwan da kake ƙarawa. Wadda ke shimfiɗuwa ja kamar mayafi, mai santsi, tana ɗagowa da kumfa a ƙarƙashinta, ita ce ke nuna abinci ya yi yawa ko ruwa ba ya motsi a wurin.

Wace halitta zan sa ta riƙa juya mini shi?

Katantanwar Nassarius ce farkon zaɓina. Tana binne kanta, ɗan hancinta kawai a waje, da ta ji ƙamshin abinci sai ka ga yashi ya tsage ta ɓullo. Kifin gobi mai tace yashi ta kafofin numfashinsa yana sa shi fari tas, sai dai yana watsa shi a kan murjani, yana buƙatar murfi domin yana tsalle, kuma a ƙaramin tanki yakan rame. Tauraron teku mai tona yashi kuwa ka bar shi a kanti. Zai cinye ƙananan halittun da suka sa yashin ya zama mai rai, sannan yunwa ta kashe shi a binne inda ba ka gani.

Idan wuta ta ɗauke fa?

Ga mai kiwo a Kano ko Zariya ko Maraɗi wannan ba tambayar "idan" ba ce. Da injin ya tsaya, kifi da bakteriyar yashi suna rabon oksijin ɗin da ya rage, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe shi da yawa. Shimfiɗa mai zurfi ta fi shan wahala a nan, dalili ke nan na biyu da nake hana sabon shiga ita. Kafin ka sayi murjani na farko, haɗa aƙalla injin tura ruwa ɗaya da inbata ko sola, ka kuma ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a aljihun tebur. Ranar da duk suka ƙi, ɗebi ruwan tankin da jug ka riƙa kwararo shi daga sama kowane 'yan mintuna har wuta ta dawo.